Kuɗi Ɗaya, Faranti Uku: Abincin Ranar da Doka ta Haifa a Sifaniya

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san manyan wasannin La Liga ba sa farawa da wuri. Sai an idar da sallar isha, masu shayi sun kafa tebur, sannan Real Madrid ko Barcelona za su fito fili da misalin ƙarfe tara na dare. Masu kallo kan ɗora laifin a kan kamfanonin talabijin, kuma suna da gaskiyarsu ta wani fannin. Amma tushen zancen yana cikin tukunya. Mutumin da bai tashi daga kan abincin rana ba sai wajen ƙarfe huɗu, ba zai nemi na dare kafin tara ko goma ba, kuma sauran harkokin ƙasar duk cikinsa suke bi.

A Sifaniya abincin rana shi ne abinci. Na safe kofi ne da ɗan burodi, na dare kuwa sau da yawa taɓa ka lashe ne. Tsakanin ƙarfe ɗaya da rabi zuwa huɗu ake zama a ci na gaske, har gidan talabijin na gwamnati sai ƙarfe uku yake karanta manyan labaransa na rana. Agogo ma yana da hannu a ciki. Mafi yawan ƙasar tana yamma da layin Greenwich, don haka da agogon Ingila da Fotugal ya kamata ta yi aiki. A watan Maris na 1940 gwamnatin Janar Francisco Franco ta tura agogo gaba da awa ɗaya don ya yi daidai da na tsakiyar Turai, ba a kuma sake mayar da shi ba. Shi ya sa da sanyi agogon Madrid da na Kano ɗaya ne, da zafi kuma Madrid ta wuce da awa guda. Mutane dai rana suka ci gaba da bi, agogon ne ya gudu ya bar su.

Abin da ke kan allo

Tun da hantsi ake fito da allon. A ƙofar kusan kowane gidan abinci na unguwa za ka tarar an jingina shi da bango an rubuce shi da alli, ko an liƙa takarda a gilashin taga. A sama an rubuta menú del día, abincin yau ke nan. Ƙarƙashinsa jeri biyu ne, kowanne da kala uku zuwa biyar, ka zaɓi ɗaya daga kowane jeri. Can ƙasa kuma kuɗin, guda ɗaya tak, ya haɗa da burodi da abin sha da kayan zaƙi ko kofi, har da harajin gwamnati na kashi 10 cikin ɗari. Ba ciniki, ba ƙari.

Jerin farko, primero, na abin cokali ne da ganye: adas da aka dafa ya yi kauri, farin wake, taliya da miyar tumatir, haɗin latas da kifin gwangwani. In lokacin zafi ne sai gazpacho, wato tumatir da kokwamba da tattasai da tafarnuwa da man zaitun da aka markaɗa ɗanye aka sanyaya. Jeri na biyu, segundo, nama ne ko kifi ko ƙwai: gasasshiyar kaza, yankan naman sa, kifin merluza da aka tsoma a fulawa da ƙwai aka soya, kusan kullum da soyayyen dankalin Turawa a gefe. Baƙo yakan yi kuskure a nan. Ya ga an dire masa kwanon adas cike fal, ya ɗauka shi ke nan abincin, ya share shi tas da burodi, yana shirin tashi sai ga kaza ta iso.

A tsofaffin gidaje ba a ma ba ka takarda. Mai sabis zai tsaya a kanka da ɗan littafinsa ya zayyano abin da ke akwai da ka, numfashi ɗaya, ya ƙara da wanda ya ƙare. Ba shi da lokacin jiran ka yi shawara da zuciyarka, teburori na can suna jiransa. In ka gama na biyu zai dawo da tambayar da kowane ɗan ƙasar ya haddace tun yana yaro: postre o café, zaƙi ko kofi? Zaƙin ma ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Flan na ƙwai da madara, shinkafa da madara da kirfa, yogot, ko lemo guda a faranti da wuƙa, ka ɓare abinka.

Wanda ya leƙa ɗakin da ƙarfe biyu da rabi zai ga birkila da ƙurar siminti a wandonsa, kusa da shi ma'aikacin banki da taye, can gefe tsohuwa 'yar fansho da ta gaji da yi wa kanta ita kaɗai girki, ga talabijin a sama yana ta yi ba mai saurare. Wanda ya wuce ta gefenka, ko bai san ka ba, zai iya ce maka que aproveche, a ci lafiya. Ba na cewa babu mai kuɗi da talaka a Sifaniya. Akwai su, kuma da dare kowa ya san wurin zuwansa. Amma a wannan sa'a tukunya ɗaya aka kwaso musu, kuɗi ɗaya za su biya, kuma mai sabis ba zai fi yi wa mai taye fara'a ba.

Daga faranti ɗaya zuwa uku

Sayar da abinci a kan farashi ɗaya ba sabon abu ba ne a ƙasar. Tun ƙarni na 19 masaukan matafiya da ƙananan gidajen abinci ke yin haka. Amma ya zama wajibi a kan kowa, wannan aikin gwamnati ne, kuma gwamnatin kama-karya.

Yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939 ya bar ƙasar cikin yunwa, da katin rabon abinci mutane ke ci har 1952. Ɓangaren Franco ya ma kafa abin da ya kira ranar faranti ɗaya a 1936: a wasu ranaku, gidan abinci kala ɗaya zai ba ka amma ya karɓi cikakken kuɗi, rarar ta tafi asusun hukuma. Sai 1942 aka soke wannan. Gwamnatin da ta taɓa hana mutane faranti na biyu ita ce bayan shekara ashirin da 'yan kai ta tilasta a ba su uku, kuma ba tausayi ne ya kama ta ba. Kuɗin ƙasashen waje take nema ido rufe.

A 1959 aka buɗe ƙofar tattalin arziki, sai Turawan arewa suka gano cewa akwai rana da teku da araha a kudancinsu. Baƙi kimanin miliyan 6 suka shiga ƙasar a 1960. Zuwa 1965 sun haura miliyan 14. Ƙauyukan masunta irin Benidorm da Torremolinos suka rikiɗe suka zama garuruwan otal. Mutumin da aka ɗora wa kula da wannan saniyar tatsa shi ne Manuel Fraga, ministan yaɗa labarai da yawon buɗe ido daga 1962 zuwa 1969. Don a gane irin mutumin: a 1966 jiragen yaƙin Amurka biyu suka yi karo a sama, bama-baman nukiliya huɗu suka faɗo kusa da ƙauyen Palomares, ɗaya a cikin teku. Fraga ya tuɓe ya shiga ruwan tare da jakadan Amurka a gaban 'yan jarida, don kada baƙi su tsorata su fasa zuwa.

Irin wannan minista ba zai bar mai gidan abinci ya kore masa baƙi da tsada ba. A 1964 ma'aikatarsa ta fito da menú turístico, abincin baƙi, sannan a watan Maris na 1965 aka kafa shi a doka. An kasa gidajen abinci aji biyar, alamar kowane aji yawan cokali mai yatsu da aka zana masa a ƙofa, daga ɗaya zuwa biyar. Kowane gida dole ya tanadi cikakken abinci: miya ko abin buɗa baki, sai kifi ko nama ko ƙwai da abin rakiya, sai 'ya'yan itace ko zaƙi ko cuku, da burodi, da rubu'in lita na giyar inabi ko wani abin sha. Hukuma ce ta yanke kuɗin, daga peseta 50 a aji na ƙasa zuwa 250 a gidajen alfarma. An kuma ce a kafe sanarwar inda kowa zai gani, a kawo abincin da hanzari, a riƙa fifita girkin gargajiya na ƙasar.

Masu gidajen ba su yi murna ba. Wasu suka ɓoye takardar, wasu suka riƙa ɗora ƙarin kuɗi a kan duk kalar da ke da ɗan daɗi, wasu suka riƙa yi wa mai neman abincin kallon matsiyaci. A 1970 aka gyara dokar, sunan ya koma menú del día. A lokacin kuwa wani abu yana faruwa wanda ya fi ƙarfin ma'aikatar Fraga. Miliyoyin mutane sun baro ƙauyukan Andalusiya da Extremadura da Galisiya zuwa masana'antun Barcelona da Madrid da Bilbao. Tsarin aikin ƙasar gida biyu ne, a yi na safe, a tafi hutun awa biyu ko fiye, a dawo a yi na yamma. A ƙaramin gari mutum yakan je gida ya ci. Amma wanda ke kwana a bayan gari yana aiki a tsakiyar birni ba shi da wannan damar, daga baya kuma matar da ke masa girkin ita ma ta fita aiki. Abincin da aka shirya don Bajamushe da Baturen Ingila sai ya faɗa hannun lebura da akawu, su kuwa suka riƙe shi gam.

A watan Janairu na 2010 gwamnatin tarayya ta soke tsohuwar dokar, ta bar wa yankuna su tsara nasu. Mutane da dama ba su ma san an yi ba, domin allon bai daina fitowa ba. Ƙungiyar masu gidajen abinci ta ƙasar, Hostelería de España, tana ƙiyasta cewa ana sayar da kusan miliyan huɗu na wannan abinci a kowace rana.

Mako ma yana da tsarinsa. Ranar Alhamis a gidaje da yawa paella ce a jerin farko, shinkafar nan ta Valencia mai za'afaran da ake dafawa a faffaɗan kasko. Ka tambayi dalili ka sha labari. Wani zai ce ranar ce hutun 'yan aikin gida a da, sai iyalai su fito cin abinci waje. Wani ya ce kifin da aka kamo farkon mako sai Alhamis yake isowa garuruwan da ke nesa da teku. Wani kuma ya rantse Franco ne ke son paella, yana yawan fita ranar Alhamis, kowane kuku na tsoron kada ya faɗo masa babu ita. Labari na ukun ya fi daɗin ji, shi ne kuma ya fi kama da ƙagagge. Juma'a ta kifi ce, al'adar Katolika, musamman a lokacin azuminsu na kafin Ista, inda ake dafa waken garbanzo da alayyafo da kifin da aka adana da gishiri.

A kan manyan hanyoyi kuwa ƙa'ida ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa yada zango a Tafa ko Mararrabar Jos ya san ta: ka tsaya inda ka ga tireloli sun yi layi. Direban babbar mota ba ya komawa inda aka taɓa ba shi abinci kaɗan.

Lissafin madafa

Ta yaya mutum zai ba ka faranti uku da burodi da abin sha a kuɗin da bai kai na faranti ɗaya da dare ba, kuma ya ci riba? Sirrin yana cikin zaɓin da ka sarayar. Kukun da ya san kala huɗu kawai zai dafa, ya kuma san kusan mutum nawa za su zo, yana sayen kaya da yawa a kan sari, ya ɗora manyan tukwane tun da safe, ya bi abin da ya yi araha a kasuwa a wannan makon. Wake da adas da shinkafa da dankali su ne ke ɗauke nauyin nama. Ba abin da ake zubarwa: naman da ya rage a tukunyar jiya shi ne cikin croquetas na yau, busasshen burodi ya shiga miya, ƙashin kifi ya zama romon shinkafa. Sannan tebur ɗaya a zauna masa sau biyu, wani lokaci sau uku, kafin ƙarfe huɗu. Saurin mai sabis ba rashin ladabi ba ne, da shi ake biyan haya. Ribar kowane faranti ƙanƙanuwa ce, yawan ne ke tara ta, da kuma kofi na biyu da ba ya cikin lissafi.

A ganina wannan ciniki ne na adalci, kuma ya fi wa mai ci alheri fiye da doguwar takardar da ke ɗauke da kala sittin. Gidan da ya yi alƙawarin kala sittin, firiza ce ke masa girki.

Sai dai lissafin ya fara ƙin fita. Tsofaffi har yau suna ƙorafin 2002, shekarar da yuro ya maye gurbin peseta. A hukumance yuro ɗaya peseta 166 ne da 'yan kai, wato peseta dubu ta tashi yuro shida. Amma mutane sun dage cewa abincin peseta dubu bai daɗe ba ya koma yuro goma. Ƙididdigar Hostelería de España ta nuna matsakaicin farashi yuro 11.7 a 2016, ya kai 14 a 2024. Hauhawar ba ta kai ta kayan girki ba. Fari ya ci gonakin zaitun na Andalusiya, noman kakar 2022 zuwa 2023 ya faɗi da sama da rabi, a ƙasar da ta fi kowace samar da man zaitun a duniya. Zuwa farkon 2024 kilon man mai kyau ya doshi yuro tara tun daga wurin matsa, manyan kantuna suka fara ɗaure kwalabe da makullin hana sata, gwamnati ta cire wa man haraji gaba ɗaya na 'yan watanni daga Yulin wannan shekarar. A madafar da komai da man zaitun ake fara shi, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Ga wutar lantarki, ga ƙwai, ga haya.

Mai gida ba ya iya ƙara kuɗi yadda yake so, saboda ya san aljihun masu zuwa. Mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 1,184 ne a wata, ana biya sau 14 a shekara. Wanda zai ci abincin yuro 14 a ranakun aiki 22 ya kashe 308, sama da rubu'in albashin ke nan. Kamfanoni da yawa suna ba ma'aikata tikitin cin abinci, irin Ticket Restaurant, wanda gwamnati ba ta karɓar haraji a kansa har zuwa yuro 11 a rana. An tsayar da wannan adadi a 2018, abinci ya wuce shi ya bar shi a baya. Don haka sai dabaru: a rage girman yanka, kifi mai tsada ya ɓace daga allo, a fito da medio menú, rabin abinci, faranti ɗaya da abin sha.

Akwai kuma waɗanda ke biyan wani kaso na wannan arahar ba tare da sun zauna a teburin ba. Tumatir da tattasai da kokwamban da ke cikin gazpacho, da yawansu daga lardin Almería suke, inda rumfunan leda suka rufe sama da hekta 30,000, har ana hango farinsu daga sararin samaniya. Masu aiki a cikin zafin waɗannan rumfuna galibi 'yan Maroko ne da 'yan Afirka ta Yamma, daga Senegal da Mali da Ghana da sauransu, da yawa ba su da takardun zama. A garin El Ejido ne aka yi tarzomar farautar baƙi a watan Fabrairu na 2000. A farkon 2020 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan talauci, Philip Alston, ya ziyarci bukkokin masu tsinkar 'ya'yan itace a lardin Huelva, ya bayyana cewa yanayinsu yana cikin mafi muni da ya taɓa gani, ba ruwa ba wuta. Ma'aikatan gidajen abincin su ma sun daɗe suna kukan dogon aiki da awoyin da ba a biya. Duk wanda zai yabi yuro 14 ya kamata ya san da wannan.

Musulmi a gaban allon

Ga baƙo Musulmi, allon yana buƙatar karatu da lura. Giyar ba matsala ba ce, ka ce ruwa ko lemon kwalba a kawo maka a kuɗin nan ɗaya. Tun 2022 ma doka ta wajabta a ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema. Alade ne ke ɓuya. Adas ɗin da ka ga kamar ba ruwansa, da chorizo aka dafa shi, wato naman alade da aka ɗura a hanji da jan barkono. Koren wake yakan zo da gutsattsarin jamón, busasshiyar cinyar alade. Salmorejo na Ƙurɗuba, ɗan'uwan gazpacho mai kauri, ana barbaɗa masa shi a sama. Cocido na Madrid, wanda tsofaffin gidaje irin Lhardy na 1839 da La Bola na 1870 suka yi suna a kansa, tukunya ce ta garbanzo da kitse da ƙashi da jinin alade. Kuma tambayar ko akwai nama a ciki ba ta wadatar ba, domin mai sabis zai iya ce maka babu da zuciya ɗaya, shi a wurinsa ɗan jamón kayan ɗanɗano ne. Sai ka ambaci abin da sunansa: sin cerdo, sin jamón. Wasu miyan nama kuma da giya ake dafa su. Mai tsantseni kan yanka, kifi da wainar ƙwai da dankali sun ishe shi.

Paella ta asali, ta manoman Valencia, kaza ce da zomo da koren wake da wani faffaɗan farin wake, wani lokaci da dodon koɗi. Babu alade. Sanda shahararren kukun Ingila Jamie Oliver ya sa mata chorizo a 2016, 'yan Sifaniya suka yi masa ca a intanet kamar ya zagi iyayensu. Amma ta gidan abincin unguwa a ranar Alhamis takan zo da haƙarƙarin alade, don haka ita ma a tambaya.

Wannan yawan aladen yana da tarihi. Bayan faɗuwar Granada a 1492 an kori Yahudawan da suka ƙi tuba zuwa Kiristanci, aka tilasta wa Musulmi canza addini, daga bisani tsakanin 1609 da 1614 aka kori zuriyar Musulmin. Kotun binciken aƙida ta Coci tana karɓar tsegumin maƙwabta a kan wanda ba ya cin alade, ko yake girki da man zaitun maimakon kitsensa. Jefa alade a tukunya ya zama shaidar da ke tsare rai. Masana tarihin abinci da dama suna ganin cocido kansa ya samo asali ne daga adafina, tukunyar Asabar ta Yahudawan ƙasar, aka ƙara mata abin da zai kawar da zargi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, Musulmin Andalus ne suka yaɗa noman shinkafa a yankin Valencia. Har jeranta abinci, a fara da miya, a bi da nama, a rufe da zaƙi, ana jingina shi ga Ziryab, mawaƙin da ya baro Bagadaza ya isa Ƙurɗuba a 822 a zamanin Abdurrahman na Biyu. Labarin yana da daɗi a bakinmu, amma a yi hattara da shi: kawo abinci kala bayan kala a gidajen abincin Turai ya kafu ne a ƙarni na 19, kuma allon da ke ƙofar gidan abincin Madrid ya fi kusa da ofishin Fraga fiye da fadar Ƙurɗuba.

Yau Musulmin ƙasar sun haura miliyan biyu. Yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnati da Hukumar Musulunci ta Sifaniya ta amince da abincin halal, akwai kuma cibiyar ba da shaidarsa a Ƙurɗuba. A unguwar Lavapiés ta Madrid, 'yan Senegal suna sayar da shinkafa da kifi irin tasu, da yassa, da miyar gyaɗa. 'Yan Bangaladash sun jera gidajen kori a titi guda. 'Yan Maroko na da kuskus da harira. Haka Raval a Barcelona, inda 'yan Pakistan suka yi yawa, da titin Calderería Nueva a Granada. Da yawansu sun ɗauki tsarin da suka tarar: allo a ƙofa, na farko, na biyu, abin sha, kuɗi ɗaya.

Wa zai gaji tukunyar

Tsada tana cin wannan al'ada, amma ina ganin lokaci ya fi cin ta. Rikicin tattalin arzikin 2008, wanda ya kai rashin aikin yi sama da kashi 26 cikin ɗari a 2013, ya koya wa ma'aikatan ofis zuwa da abincinsu a roba su ɗumama a wurin aiki, kuma da yawa ba su koma ba. Annobar korona ta rufe gidajen abinci a watan Maris na 2020, ta bar aiki daga gida a baya. Wanda ke aiki a falonsa ranar Litinin da Juma'a ba ya cikin lissafin kukun da ke kusa da ofishinsa. Matasa masu ƙananan yara kuma sun fi son su ci cikin rabin awa su tashi aiki ƙarfe biyar, da su yi hutun awa biyu su isa gida takwas na dare. Wa zai ga laifinsu? Mercadona, kantin da ya fi kowane girma a ƙasar, ya buɗe sashen dafaffen abinci a 2018, a wasu rassan har da tebura da na'urar ɗumama abinci. Shugabansa Juan Roig ya sha faɗin cewa zuwa tsakiyar wannan ƙarni ba za a sami kicin a gidaje ba. Mai sayar da dafaffen abinci ne ke magana, amma masu gidajen abinci ba su ɗauke ta wasa ba.

Su kuma baƙin da aka ƙirƙiro abincin dominsu sun dawo ta wata fuska. Kusan miliyan 94 suka shiga ƙasar a 2024, ninki biyu na mutanenta saura kaɗan. A tsakiyar Barcelona da Málaga da Madrid haya ta yi tashin da mai sayar da adas ba zai iya bi ba. Gida ya rufe, a buɗe wanda ke sayar da burodi da fiya a kuɗin da ya fi na faranti uku, ko wanda ya liƙa hotunan paella a ƙofa yana ɗumama ta daga firiza. A 2024 ɗin ne mazauna Tsibiran Kanari da Mallorca da Barcelona suka fito zanga-zangar adawa da yawan baƙi, wasu har da fesa wa masu cin abinci a bakin titi ruwa da bindigar wasan yara. Wanda ke neman abincin kirki yanzu sai ya bar inda ake ɗaukar hoto, ya nufi unguwannin ma'aikata, kusa da kasuwa ko asibiti ko rukunin masana'antu.

Can ɗin ma akwai matsalar magaji. Miji da matar da suka buɗe gidan a shekarun 1970 ko 1980, shi a kanta ita a madafa, sun kai shekarun ritaya, 'ya'yan da suka yi wa wahala suka kai jami'a ba sa son tsayuwar awa goma sha biyu. A Barcelona da Madrid da wasu biranen, iyalai 'yan China ne suka sayi da yawa daga cikin waɗannan gidaje. Galibi ba sa canza sunan da ke ƙofa, ba sa taɓa hotunan ƙungiyar ƙwallo da ke bango, wani lokaci tsohuwar mai gidan takan zauna 'yan makonni ta koya musu wainar dankali da adas kafin ta miƙa makulli. A wasu madafun kuma 'yan Peru da Ekwado da Kolombiya ne a bakin murhu, mutanen da suka taso da irin wannan abincin rana mai kuɗi ɗaya a ƙasashensu, ba sai an yi musu bayani ba. Tsofaffin kwastomomi kan yi gunaguni a makon farko, su ce hannun ya canza, a mako na biyu kuma su koma teburinsu na kullum.